Littafin Surayya, Kwafi Ɗari Uku

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta da hannuna kafin wani ya rubuta a kaina. Ni Ƙasimu, shekara hamsin da tara a duniya, ashirin da ɗaya daga ciki a Guangzhou, na buga littafin 'yata na jabu. Har da rubutun ruwan zinare a bango.

Surayya tana Dublin, ƙasar Ireland, ita ce ke karanta labaran safe a wani gidan rediyo na can. Bakwai na safiyarsu, biyu na ranarmu. Shekara huɗu ta yi tana rubuta littafin labari da Turanci. A watan Yuni ta turo min shi ta waya, ta ce, "Baba, kai kaɗai. Sai watan Maris zai fito."

To, Turancina a aji biyu na sakandare ya tsaya, kuma rubutun waya ƙanana ne kamar tururuwa. Sai na ce bari in kai wa Lawban Liu, mai buga mana kwalayen abaya, ya fitar min da shi a takarda.

"Guda ɗaya," na ce.

Ya dube ni kamar na ce ya sayar min da ƙwayar shinkafa. "Meyo," ya ce, wato babu. "Ɗari biyar."

Minti arba'in muna ciniki, shayi kofi huɗu, na sauko da shi ɗari uku. Na fito ina jin kaina namiji. Tun da na zo garin nan ban taɓa sayen abu guda ɗaya ba, ko maɓalli ne, kuma har na shiga jirgin ƙasa babu abin da ya ce min Ƙasimu tsaya. Na ba shi hotonta da abin sauraro a kunne ya sa a bango. A ƙasa na sa ya rubuta: 'Yar Alhaji Ƙasimu.

Katan shida, hamsin-hamsin. Na buɗe katan ɗaya, na zare kwafi ɗaya nawa, na tura wa Yaya Lami sauran arba'in da tara ta jirgin sama, ta raba wa dangi a Kano. Katan biyar na cusa a kwantenar abokina Isufu, mutumin Maraɗi. Wani ɗan'uwa mai son alheri irina ya ɗauki hoton littafin ya sa a intanet, ya kira sunan gidan rediyon, ya ce ga alfaharin Kano. Kamfanin da zai buga na gaskiyar ya gani.

Ranar Asabar Surayya ta kira. Ba ta ɗaga murya ba, muryar labarai ta yi min.

"Nawa ka buga?"

Na faɗa.

"Ka karanta shi?"

"Na karanta bangon."

Sai ta kashe.

Yau ƙarfe biyu wani namiji ne ya karanta labarai.

Abin da ya sa nake iya riƙe biro shi ne kwantenar ba ta tashi ba. Sinawa suna hutunsu na kwana takwas, sito a rufe. Shekara da shekaru ina zagin hutun nan. Yau na sa masa albarka.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyu da kwata

Namijin ne dai. Muryarsa kamar ana jan buhu a siminti.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

An buɗe sito. Katan ɗina su aka fara lodawa, don haka suna can ƙarshen kwantena, bayan katifu, bayan bokitai, bayan fanka ɗari da tamanin. Sai da aka sauke komai.

Isufu ya zauna a kan bokiti yana fifita da takardar lodi. "Bon, Alhaji, hwaɗa mini in gane. Ɗiyarka ta ce kai kaɗai."

"Ta ce."

"Kai kaɗai a Kano mutum ɗari ukku ne?"

Na ce masa a Kano muna da zumunci, ba kamar wasu garuruwan ba da mutum zai ci kaza ya rufe ƙofa. Ya ce in ci gaba da zumunci, amma in ɗauki ƙarshen katifar nan. Na ɗauka. Bayana zai ba ni labari gobe.

Katan biyar, babu wanda aka buɗe. Na ƙirga su sau uku, na zauna a kansu a bayan mota har shago. Direban ya ce in dawo gaba akwai wuri, na ce shishe, na gode, nan ya fi min iska. Wallahi rabon da in ji daɗin zama irin wannan har na manta.

Na tura wa Surayya hoton katan ɗin ta WeChat. Shi WeChat ba ya nuna maka ko an karanta. A da ina son wannan ɗabi'a tasa.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe uku

A masallacin Huaisheng labari ya riga ni isa. Ina neman takalmina wani ya ce, "Alhaji Maɗaba'a, an sauko lafiya?" Wani kuma ya ce yana da wasiƙar matarsa, ko zan buga masa dubu. Na yi dariya tare da su. Idan ka riga mutane yi wa kanka dariya, da wuri suke gajiya.

Ban kunna rediyo ba yau.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Babu ciniki, bari in rubuta yadda abin ya faro, tunda ba ni da wanda zan gundura da shi.

Surayya tana 'yar shekara shida, in na kawo tsire, ita takardar take so. Sai ta warware jaridar nan mai maiƙo, ta ɗauki ludayin mahaifiyarta, ta hau turmi ta ce, "Ga labaran duniya." Rabi ta karanta, inda maiƙo ya cinye ta ƙirƙira. Mahaifiyar tata, Hasiya, takan ce mu yi shiru ana labarai, kuma da gaske take, har ni sai na daina tauna.

Da ta samu tallafin karatu ta tafi Ireland, sai da na nemi ƙasar a taswira, na same ta kamar an ajiye ta a gefe an manta. Aikinta na farko a rediyo faɗin yanayi ne da cunkoson motoci. Ruwa yau, ruwa gobe, jibi ruwa da iska. Na ce mata wannan ko ni zan iya, a ɗauke ni. Daga nan suka kai ta shirin manoma, shekara biyu. Har yau in ka tashe ni daga barci zan faɗa maka yadda ake cinikin saniya a Galway, garin da ban taɓa gani ba. Sai labaran ƙarshen mako. Sai fasfo ɗinsu, ta turo min hotonsa, mai garaya a jiki. Shekara uku da suka wuce suka ba ta labaran safe, waɗanda duk ƙasar ke ji suna shan shayi.

Tun daga ranar, ƙarfe biyu a shagona na titin Guangyuan Xilu babu ciniki na minti shida. Ko Hajiya ce ta zo daga Yamai da odar abaya dubu, sai ta tsaya. Kashi ɗaya cikin uku nake ganewa. Sauran ina jin numfashinta ne. Ina gane ranar da take mura, da ranar da ta yi faɗa da wani kafin ta shiga.

Na san muryarta fiye da yadda na san tsawonta. Wannan ba laifin Ireland ba ne.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Lami ta kira.

"Ƙasimu, da shekaruna saba'in ka sa ni bin gida-gida ina karɓe kyautar da na bayar. Gidan Sharif sai da suka tambaye ni ko in tafi da tabarmar da na ba su bara."

"Yaya, Allah ya ba ki Aljanna mai fanka."

"Rufe min baki. Arba'in da ɗaya na samu."

Na fara hamdala, ta katse ni.

"Ka san me ke cikin babi na sha huɗu?"

Na ce Turancin Ireland yana da nauyi.

"Matar ɗana malamar makaranta ce, ta karanta min. Na Hasiya ne. Na asibiti ne. Sunaye kawai yarinyar ta canza." Ta ja numfashi. "Na kira ta. Ta ce tun watan Agusta ta cire babin, saboda kai. Ta ce kada a nuna ka da yatsa a Kano. Kai kuma ka buga wanda ba a cire ba, ka sa zinare, ka aiko ni in raba."

Na nemi abin dariya a duk aljihuna, ban samu ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ban buɗe shago ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyu da rabi

Na buɗe. Namijin ne. Ya yi tari a tsakiyar labarin majalisa, na ji daɗi, Allah ya yafe min.

Littafin yana cikin durowa ƙarƙashin samfuran yadi. Na san yana nan. Shi ma ya san ina nan.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Saƙo ya shigo, amma ba daga ita ba. Editarta ce, matar da ke kula da littafin a kamfanin, tana so mu yi magana ta bidiyo ranar Litinin. Akwai kalmar lauya a ciki, wannan na gane ta ba sai an fassara min ba.

Na ce Isufu ya zo ya taya ni. Ya ce shi Faransanci ya iya. Na ce ai duk Turawa ne. Ya ce da wannan ilimin nawa ne na kai mu inda muke.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Bari in sha ruwa.

Na sa farar shadda da hula, na jera katan biyar a bayana kamar shaidu. Matar dattijuwa ce mai farin gashi, da lauyan a gefenta, siriri, fuskarsa kamar an hana shi abincin rana. Na yi musu bayani da Turancin kasuwa, wanda nake yi da Sinawa: ni uba, ni so ɗaya, masana'anta ce babu ɗaya. Lauyan ya tambaya nawa na sayar. Na ce sayarwa? Littafin 'yata? Na ji haushin tambayar har na manta ni ne mai laifi.

Sai matar ta ce in nuna mata littafin. Na ɗaga. Ta dubi zinaren, ta dubi 'Yar Alhaji Ƙasimu, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Ta ce bangon ya fi nasu ƙarfi. Na ce in suna so zan haɗa su da Lawban Liu. Isufu ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Abin da na gane, da abin da na'urar fassara ta ƙarasa min: da sun zaci wani ne a cikin kamfaninsu ya saci littafin, ko kuma ita Surayya ta sayar da shi sau biyu. Makonni biyu tana amsa tambayoyi, ba ta faɗa musu ko wane ne ba sai da suka matsa. Yanzu ba za su fasa bugawa ba. Sharaɗi: a lalata duk kwafin, a ɗauki bidiyo, in sa hannu a takarda.

Kafin a kashe na tambayi matar, "Surayya, rediyo, yaushe?"

Dariyar ta tsaya. Ta ce wannan ba hurumin kamfani ba ne, Surayya ce ta nemi hutu da kanta.

To. Ba kora ba ce. Na riƙe wannan, sauran na bar shi a inda yake.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Lawban Liu ya sa su a injin yanka takarda, ɗari biyu da hamsin, Isufu na ɗaukar bidiyo yana sharhi kamar ana ƙwallo. Fuskar Surayya tana shiga tana fitowa kamar taliya. Na juya baya.

Lawban bai gane komai ba. Yana ta tambaya ko bugun ne bai yi kyau ba. Na ce ya yi kyau, ni ne ban yi ba. Ya raka ni ƙofa, ya riƙe hannuna ya ce karo na gaba in yi dubu, zai rage min.

Na Kano Yaya Lami ta ƙona su a bayan gida. Arba'in da takwas. Ta ce hayaƙin ya sa maƙwabta sun leƙo ko gobara ce.

Saura ɗaya a hannun Abdulhakeem, ƙanin Hasiya.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na kira shi. Shekara goma sha takwas rabon da in ji muryarsa. Bai amsa gaisuwata ba, sallamar kawai ya amsa, ita ma don dole ce.

"Ba zan ƙona ba," ya ce. "Ni ne na ɗauki makarar. Ni ne na tsaya a inda ya kamata ka tsaya. Yarinya ta rubuta abin da ta gani, ka zo ka ce in sa masa wuta?"

Na ce ba don ni ba, don aikinta.

Sannan ya ce, "Ita zan aika wa. Ba kai ba, ba Lami ba."

Na ce na gode. Ya ce kada in gode masa.

Ya fi abin da na zata sauƙi. Na zaci zai tambaye ni dalili.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Saƙo daga Surayya. Kalma ɗaya: Talata.

Na karanta ta ta kai sau ashirin. Wannan Turanci babu, fassara babu.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi

Na sayo lemo da biskit, na kira Isufu da Zayyad mai takalma na shagon gefe, har wata Hajiya da ta shigo duba yadi na zaunar da ita. Biyu saura minti ɗaya na ƙure murya.

Kiɗa. Sai wani mutum yana maganar yadda ake shuka dankali.

Biyu da minti biyar, dankali. Biyu da kwata, dankali. Zayyad ya ajiye biskit ɗinsa a hankali ya ce yana jin kamar an shiga shagonsa. Hajiya ta tafi ba ta sayi komai ba. Na ce shi ke nan, ta je ƙofar ɗakin ta kasa shiga, kuma ni ne.

Isufu yana ta latsa waya. Can ya ɗago. "Alhaji, ƙarhe nawa ne a Dublin?"

"Bakwai da kwata."

"Shidda da kwata. Shekaranjiya suka maida agogonsu baya."

Duk shekara suna yi. Duk shekara ina mantawa. Wace irin ƙasa ce mutane za su taru su yi wa agogo ƙarya, kuma kowa ya yarda?

Ƙarfe uku daidai ta ce barka da safiya, ta faɗi sunanta, ta faɗi nawa a bayansa kamar kullum. Ta karanta labarin kasafin kuɗi, da na wata gada da aka rufe, da ruwan sama. Muryar ta ɗan shaƙe a farko, daga labari na biyu ta zauna daram.

Isufu ya ce wani abu ya shiga idona ne? Na ce ƙurar yadi ce. Ya ce lallai yadin bana akwai ƙura, ya miƙo min hankicinsa.

Laraba, 29 ga Oktoba, uku da minti goma

Ita ce.

Alhamis, 30 ga Oktoba, uku da minti goma

Ita ce. Na sayar da abaya ɗari huɗu ban ma san da wa na yi cinikin ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Ta kira. Minti talatin da bakwai.

Na fara da haƙurin da na yi kwanaki ina haddacewa, ta ce, "Baba, bari. Editata ta ce ka yi mata tayin maɗaba'a."

"Farashinsa da sauƙi."

Ta yi dariya. Dariyar Hasiya ce, wadda take ƙarewa da tari. Na bar ta ta gama.

Sannan ta ce akwai kwafi ɗaya da bai shiga bidiyo ba. Na ce wane kwafi? Ta ce ɗari biyu da hamsin da arba'in da tara ba su kai ɗari uku ba, ko a Guangzhou. Ta roƙi kamfanin sun bar min shi.

"Zan mayar da babin," ta ce. "Tunda duk Kano ta karanta, babu wanda nake karewa kuma. Amma kai ba ka karanta ba. Shafi goma sha ɗaya ne. Ban yarda da na'ura ba, ban yarda Baba Isufu ya karanta maka ba."

"Shi Faransanci ya iya."

"Baba."

"Na'am."

"Duk kalmar da ta gagare ka, ni za ka tambaya. In ka gama, ka faɗa min inda kake a wancan watan. Ba don littafi ba. Ni nake so in ji."

Na ce to. Ban ƙara da wasa ba, kuma ta lura, don ta ɗan jira.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Shafi biyu cikin kwana uku. Kalma goma sha tara na tura mata, duk ta amsa, wata kafin ta shiga labarai, wata bayan ta fito. Ta farko ta ce ma'anarta barandar asibiti, inda ake jira. Rabon da mu yi magana kullum tun tana hawa turmi.

Yarinyar cikin littafin shekararta goma sha biyar. Tana tsaye a barandar da wayar kawunta, tana kiran wata lamba a China. Kullum wata mata ce ke amsawa da Sinanci, sannan da Turanci, cewa wayar a kashe take. Yarinyar ta haddace maganar matar har tana faɗa tare da ita. A shafi na biyu tana gaya wa mahaifiyarta layin China ne ba kyau, Baba yana hanya.

Layin lafiyarsa ƙalau. Ni na kashe wayar da hannuna, kwana goma sha ɗaya, a wani ɗaki a bayan titin Huanshi Lu. Wannan ba ya cikin littafin, don ba ta sani ba.

Saura shafi tara. In na gama zan kira ta, kuma da wannan zan fara.